Kwanan daji a bazara: Inda ake iya kafa tanti a Arewa da inda bindiga ta hana

Kwanan daji don shaƙatawa shi ne mutum ya bar gari da gangan, ya ɗauki tanti da guzuri, ya yada zango na dare ɗaya ko fiye a cikin daji, ko kan dutse, ko a bakin kogi, domin kallon namun daji, ko hutu, ko neman ilimi. A Turai da Amurka da gabashin Asiya, watannin Maris, Afrilu da Mayu su ne farkon kakar wannan harka, domin a lokacin ne ƙanƙara ke narkewa, itatuwa su yi toho, a sake buɗe sansanonin da sanyi ya sa aka rufe. A Arewacin Najeriya kuwa, waɗannan watanni su ne bazara, lokacin da zafi ya fi tsanani a duk shekara. Duk da haka, masu gadin daji sun daɗe da sanin cewa babu lokacin da ya kai bazara ganin dabbobi, kuma ita ce dama ta ƙarshe ta hawa manyan duwatsu kafin damina ta datse hanyoyi.

Abubuwa uku ne ke nuna inda za a iya kwana a dajin Arewa a wannan lokaci: zafin rana, ruwan farko, da tsaro. Biyun farko tun kaka da kakanni ake fama da su, kuma akwai sanannun dabarun zama da su. Na ukun ne ya sauya al'amura cikin shekaru 15 da suka wuce, har ta kai wasu daga cikin manyan gandun dajin ƙasar nan sun koma wuraren da ma'aikatansu ma ba sa shiga sai da rakiyar sojoji. Yankari a jihar Bauchi, Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa, da Tafkin Kainji a Neja da Kwara su ne fitattun misalan daji da dutse da bakin kogi, kuma halin da kowannensu ke ciki ya bambanta da na ɗan'uwansa.

Dalilin da ya sa bazara ta fita daban

Bazara takan kama ne idan iskar hunturu ta lafa, wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, ta ƙare da saukar ruwan shuka. A Bauchi da Neja da kwarin kogin Binuwai, zafin tsakar rana yakan kai digiri 40 a ma'aunin Selshiyas a watannin Maris da Afrilu. Wannan zafi ne ke kawo wa mai kallo abin da ya zo nema. Dogayen ciyayin da ke ɓoye dabbobi da damina sun bushe ko wuta ta cinye su, yawancin itatuwa sun zubar da ganye, kududdufai da ƙananan ƙoramu sun ƙafe. Duk dabbar da ke shan ruwa kullum, kamar giwa da ɓauna da gwambaza, dole ta kusanci 'yan wuraren da ruwa ya rage. Wanda ya san waɗannan wurare ba ya buƙatar yawo mai nisa.

Sai dai bazara ba ta ƙarewa rana ɗaya a ko'ina. Iskar da ke ɗauko ruwan sama tana tasowa ne daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, tana matsawa arewa a hankali. Saboda haka duwatsun Gashaka da Mambila kan sami ruwan farko tun ƙarshen Maris ko cikin Afrilu, yankin Kainji ya biyo baya, Yankari kuma sai cikin Mayu damina ke kankama. Ma'anar wannan ga mai shirin tafiya ita ce, dutse ake fara hawa, daji ya zo daga baya. Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, wanda ke nuna lokacin da ake sa ran ruwa zai sauka a kowane yanki.

Daga zangon fatake zuwa tantin 'yan makaranta

Kwana a daji ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya ƙarƙashin madugu, suna yada zango kusa da ruwa duk yamma, kuma daga wannan kalma ce unguwannin Hausawa a Gana suka sami sunan zango. Mafarauta sukan fita farautar rani su yi kwanaki, makiyaya kuma su kafa masheƙari su tayar bisa samuwar ciyawa. Dukkansu sana'a ce ke kai su, kuma ƙa'idojin da suka bari na zaɓen wurin kwana, da kiwon wuta, da raba gadin dare, har yau su ne ginshiƙin abin da ja-gorori ke koyar da baƙi.

Kwanan daji a matsayin horo da nishaɗi ya shigo ne a zamanin Turawan mulkin mallaka. Ƙungiyar sikawut, wadda Robert Baden-Powell ya assasa da sansanin gwaji a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, ta iso Najeriya a 1915. A 1951 aka kafa cibiyar horo ta Man O' War, wadda daga baya ta zama Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci, kuma makarantarta ta hawan dutse tana duwatsun Shere da ke gefen Jos, inda ƙololuwa ta haura mita 1,800. Ɗalibai da ma'aikata da dama daga Arewa a can suka fara kwana cikin tanti. A 'yan shekarun nan kuma ƙungiyoyin matasa masu hawan dutse sun yawaita a Abuja da Jos da Kaduna, suna haɗa tafiye-tafiye ta Instagram da WhatsApp.

Daji: Yankari

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe Yankari a matsayin gandun namun daji a 1956, aka buɗe shi ga jama'a ranar 1 ga Disamban 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya a matsayin gandun daji na ƙasa, sannan aka mayar wa jihar Bauchi da shi a 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri. Dajin itatuwa ne irin su kawo da marke da taramniya, sai duhuwar manyan itatuwa da fadamu da suka bi gaɓar kogin Gaji.

Kogin Gaji shi ne ran Yankari. Maɓuɓɓugai ne ke ciyar da shi, don haka ba ya ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Mafi girmansu ita ce Wikki, wadda ruwanta garai-garai yake, kuma ɗuminsa ba ya gusawa daga digiri 31 dare da rana, rani da damina. A gefenta sansanin Wikki yake, kimanin kilomita 42 daga babbar ƙofa ta Mainamaji. Mafi yawan baƙi a ɗakunan sansanin suke kwana, masu tanti kuma suna kafawa ne a wurin da hukumar gandun ta nuna musu. Ba a yarda baƙo ya zaɓi wuri da kansa a cikin daji ba, kuma ba a fita kallon dabbobi sai da ja-gora, da sassafe ko da la'asar, lokacin da dabbobi ke gangarowa ruwa.

A bazara mai ziyara yakan ga gwanki da kanki da gwambaza da mazo da ɓauna, da dorina da kada a cikin ruwa. Giwa ce babbar abin nema. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta samu giwaye sama da 300, amma farautar haure ta rage su matuƙa a shekarun da suka biyo baya. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS, wadda ta ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Bauchi a 2014 don kula da sintirin masu gadi, ta ƙiyasta cewa tsakanin 100 zuwa 150 ne suka rage, kuma ta ba da rahoton shekaru a jere bayan 2015 ba tare da samun gawar giwar da mafarauta suka kashe ba. Wannan garke yana cikin mafiya girma da suka saura a Najeriya. Akwai kuma 'yan zakoki ƙalilan, waɗanda ganinsu sai mai rabo. Ga masu sha'awar tarihi, akwai kogunan dutse 59 da aka sassaƙa da hannu, waɗanda ake kira kogunan Marshall, da kufan matoyar ƙarfe na mutanen da.

Dabbar da ta fi damun mai tanti a Wikki ita ce gwaggon biri. Sun saba da mutane, sun iya buɗe jaka da ƙofar mota, kuma sukan fizge abinci daga hannun yaro. Gadu ma yana yawo a tsakiyar sansanin. Ƙa'idar ita ce kada a ajiye abinci a cikin tanti, kada kuma a ba dabba komai, domin birin da ya saba karɓa shi ne yake komawa ƙwace.

Ta fuskar tsaro, Yankari yana buɗe, kuma yakan cika a hutun Sallah da na Ista da na ƙarshen shekara. Sai dai dazukan da ke kudancin Alkaleri, inda Bauchi ta haɗu da Filato da Taraba da Gombe, sun zama mafakar 'yan bindiga. A watan Mayun 2025 an kashe 'yan sa-kai da mafarauta da dama a artabu da 'yan bindiga a yankin Gwana da Duguri. Wannan ne ya sa masu shirya tafiya ke dagewa a kan shiga da fita da rana, ta babbar hanyar Bauchi zuwa Dindima.

Dutse: Gashaka-Gumti

Gashaka-Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, da faɗin da ya zarce murabba'in kilomita 6,400. An kafa shi a 1991 ta hanyar haɗa gandun namun daji biyu. Sashen arewa, wato Gumti, fili ne na ciyawa da itatuwa a jihar Adamawa, sashen kudu kuma, Gashaka, duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi a jihar Taraba. Hedikwatarsa tana Serti, a kan hanyar da ta tashi daga Bali ta hau Mambila. Yankin yana cikin ƙasar da Jamusawa suka mallaka a matsayin Kamaru kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kuma shigo Najeriya bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Har yau akwai kufan ganuwar sojojin Jamus a kan tudun da ke kusa da ƙauyen Gashaka.

A iyakar gandun da Kamaru ne Chappal Waddi yake, wanda kuma ake kira Gangirwal, dutse mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. Hanyoyi biyu ake bi a kai gare shi. Ta farko ita ce a hau Mambila da mota zuwa Nguroje, a ci gaba da babur har inda hanya ta ƙare, sannan a taka da ƙafa. Ta biyu ita ce a taso daga ƙauyen Gashaka a ratsa kurmi, tafiyar kwanaki da dama da ke buƙatar 'yan dako da masu gadi. Ko wace aka bi, sai an kwana a tanti, kuma sai da izinin hukumar gandun. A kan tuddan akwai matsugunan Fulani makiyaya da manoma da doka ta amince su zauna a keɓaɓɓun yankuna cikin gandun, kuma al'ada ce baƙo ya fara gaida jauro ko ardon wurin kafin ya kafa tanti. Da ɗan gari akan ci gari.

Abin da ke ba wa baƙi mamaki a nan shi ne sanyi. A ƙa'ida, zafin iska yakan ragu da kusan digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da aka hau. Wanda ya bar Serti yana gumi zai iya kwana yana rawar ɗari a kan dutse, musamman idan hazo da iska sun haɗu da jiƙaƙƙun tufafi. Bargo mai kauri da rigar ruwa wajibi ne ko a watan Maris. Lokacin da ya fi dacewa da hawa shi ne daga Disamba zuwa Maris. Da zarar ruwa ya sauka, ƙoramun da ake tsallakawa da ƙafa sukan cika cikin sa'o'i, hanyoyin laka su gagari babur, tsawa kuma ta riƙa faɗawa kan tudun da babu itace, inda mutum a tsaye shi ne abu mafi tsawo. Ja-gorori kan nemi a kai ƙololuwa da hantsi a sauko kafin hadarin yamma ya haɗu.

Kurmin Gashaka na ɗaya daga cikin manyan mafakar cimfanzin Najeriya da Kamaru, nau'in birin nan mai kama da mutum da ya fi kowane irinsa ƙaranci a duniya. Tun shekarar 2000 masu bincike daga jami'ar UCL ta Landan suka kafa tashar nazarinsa a Kwano. An kuma ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da 500 a gandun. Daga waɗannan duwatsu ne kogin Taraba da rassansa irin su Kam ke tasowa su zuba cikin Binuwai, don haka lafiyar kurmin ta shafi manoma da masunta da ke nesa da shi.

Gandun ya sha wahala a hannun masu saran madobiya, itacen da 'yan kasuwa ke kira madrid suna fitar da shi zuwa Sin, da masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, da mafarauta, kuma masu gadi da dama sun rasa rayukansu a bakin aiki. A 2017 Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa ta sa hannu kan yarjejeniyar shekara 30 da gidauniyar Africa Nature Investors, wadda 'yan Najeriya ke jagoranta, domin ɗaukar masu gadi da horar da su da samar musu kayan aiki. Yawaitar sintiri na cikin dalilan da suka sa har yanzu masu hawan dutse ke iya zuwa.

Bakin kogi: Tafkin Kainji

Gandun dajin Tafkin Kainji shi ne na farko da Najeriya ta kafa a matsayin na ƙasa, a 1979, ta hanyar haɗa gandun Borgu da na Zugurma, jimillar murabba'in kilomita 5,340. Ya samo sunansa daga tafkin da madatsar ruwa ta Kainji ta haifar a kan kogin Neja a 1968, wanda ya haɗiye tsohon garin Bussa, inda Bature mai yawon bincike Mungo Park ya mutu a 1806. Garuruwan Wawa da Kaiama da ke gefen gandun tsofaffin zangunan fataken goro ne.

Shekaru da dama sansanin da ke bakin kogin Oli, a tsakiyar sashen Borgu, shi ne wurin da ɗalibai da masu bincike da baƙi ke kwana. Da rani Oli yakan yanke ya zama gurabe masu zurfi, inda dorina da kada ke taruwa, maraya da gwanki kuma su zo sha. Kainji da Yankari ne kaɗai wurare biyu da aka tabbatar zaki ya saura a Najeriya.

Yau wannan sansani ba wurin zuwa ba ne. A 2021 aka sace Dodon Wawa, a watan Oktoban 2022 kuma aka kai hari barikin sojoji na Wawa. A watan Yunin 2024 cibiyar bincike ta Clingendael da ke ƙasar Holan ta fitar da rahoton da ya nuna cewa masu iƙirarin jihadi daga yankin Sahel suna ratsowa ta arewacin Benin suna samun gindin zama a dajin. A watan Agustan 2025 mai bai wa shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya sanar da kama jagoran ƙungiyar Mahmudawa, wadda ta yi sansani a cikin gandun. Kamen bai kawo ƙarshen hare-hare ba: a watan Nuwamban wannan shekarar aka sace ɗalibai da malamai sama da 200 daga wata makaranta a Papiri, cikin ƙaramar hukumar Agwara mai maƙwabtaka da Borgu. Hukumar gandun daji ta dakatar da harkokin baƙi a Kainji, haka ma a Kamuku da ke Birnin Gwari da gandun Tafkin Chadi da ke Borno da Yobe.

Abin da ya sami Kainji ya fara ne daga yamma. Dajin yana da kusanci da jerin gandun W da Arli da Penjari, waɗanda suka ratsa Nijar da Burkina Faso da Benin. Gandun W ya samo sunansa ne daga yadda kogin Neja ya lanƙwasa kamar wannan harafi, kuma UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin wuraren tarihi na duniya a 1996. A da mazauna Yamai sukan je La Tapoa su kwana a bakin ruwa. A watan Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu a Penjari aka kashe ja-goransu. Ranar 9 ga Agustan 2020 kuma 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a yankin raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu da ja-gora, 'yan Nijar. Dalilan da suka sa daji ya dace da dabba, wato ruwa da duhuwa da nisa da hukuma, su ne suka sa ya dace da mai ɗauke da makami. Sambisa ma gandun namun daji ne kafin Boko Haram ta mamaye shi.

Hatsarin da ba na bindiga ba

Ko a inda tsaro ya samu, bazara tana da nata sharuɗɗan. Na farko shi ne ƙishirwa. Baligin da ke tafiya cikin irin wannan zafi yana buƙatar aƙalla lita 4 na ruwa a yini, tare da garin gishiri da sukari na ORS. Ciwon kai da jiri da fitsari mai duhu alamu ne na farko. Idan mutum ya fara ruɗewa ko sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, to rai na cikin hatsari: a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nufi asibiti. Daga ƙarfe 11 na safe zuwa 4 na yamma lokacin zama ne a inuwa.

Na biyu shi ne ruwan farko. Yashin busasshiyar ƙorama yana da laushi da sanyi da dare, shi ya sa yake jan hankalin mai neman wurin tanti. Amma ruwan da aka yi a kan tudu mai nisa yana iya gangarowa cikin dare ba tare da ɗigo ɗaya ya sauka a inda ake kwance ba. Ambaliyar da ta afka wa garin Mokwa na jihar Neja da asubahin 29 ga Mayun 2025, wadda ta kashe mutum sama da 150, ta nuna abin da ruwan dare ɗaya ke iya yi a farkon damina. A kafa tanti a kan tudu, nesa da gaɓa, ba ƙarƙashin busasshen itace ba, domin hadarin farko da guguwa yake zuwa. Kada kuma a tare turbar da dabbobi ke bi zuwa ruwa. Dorina takan fito kiwo da dare, kuma babu inda ya fi muni kamar tsakaninta da kogi.

Na uku shi ne wuta. Ciyawar bazara tartsatsi ɗaya take jira. A share kewayen murhu, a kashe shi da ruwa kafin barci. Kada a shigar da gawayi ko risho cikin rufaffen tanti, domin iskar da suke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci.

Sai cututtuka. Bazara ce ganiyar sanƙarau a Arewa, kuma akwai allurar rigakafinsa. Zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa ta fitsari da kashinsa a kan abinci, yakan yi ƙamari daga Disamba zuwa Afrilu, kuma Bauchi da Taraba suna cikin jihohin da alƙaluman hukumar NCDC ke nuna ya fi addaba, don haka abinci sai a cikin mazubi mai murfi. Bakin kogi ba ya rabuwa da sauro, ruwa mai kwanciya kuma yana ɗauke da tsargiya. A wasu kurmuka akwai tsando, wanda tufafi masu launin baƙi ko shuɗi ke jawowa. Kunama da maciji sukan fito da dare saboda zafi: a riƙe tocila, a sa rufaffen takalmi, a kakkaɓe shi da safe. Wanda kububuwa ko kasa ta sara ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A hana gaɓar motsi a garzaya asibiti. Asibitin masu saran maciji da ke Kaltungo a jihar Gombe shi ne sananne a shiyyar.

Doka da izini

Gandun daji na ƙasa guda bakwai ne suka daɗe ƙarƙashin hukumar tarayya: Tafkin Chadi, Kuros Riba, Gashaka-Gumti, Tafkin Kainji, Kamuku, Okomu da Tsohuwar Oyo. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince da ƙarin guda 10, ciki har da Falgore a Kano, Kogo a Katsina, Alawa a Neja, Pandam a Filato da dausayin Haɗejiya a Jigawa. Dokar hukumar ta haramta shiga ba tare da izini ba, da farauta, da kiwo, da saran itace, da cinna wuta, da shiga da makami. Yankari kuwa dokar jihar Bauchi ce ke tafiyar da shi. A aikace, izinin yana nufin rajista a ƙofa, biyan kuɗin shiga, da karɓar mai gadi ko ja-gora. Rajistar ce ke sa a san akwai wanda bai dawo ba, musamman da yake layin waya ba ya kaiwa mafi yawan sassan waɗannan dazuka.

A watan Mayun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince da kafa rundunar dakarun gadin daji masu ɗauke da makamai, domin tsare dazuka 1,129 da fadar shugaban ƙasa ta ce ƙasar na da su. Har zuwa lokacin da hukumar gandun daji za ta sanar da sake buɗe wani wuri, hanyar da ta rage wa mai niyya ita ce tuntuɓar ofishin gandun kai tsaye kafin ya tashi, ba dogaro da hotunan da wani ya ɗora a intanet shekarun baya ba.

Abin da ake rasawa idan baƙi suka daina zuwa

Tantin baƙo ɗaya yana ciyar da mutane da yawa: mai babur, ɗan dako, ja-gora, mai sayar da ƙwai da doya a ƙauyen ƙarshe. A wuraren da giwa ke cinye gonar manomi, ko aka hana makiyayi shiga da shanunsa, wannan ɗan kuɗi na cikin 'yan hujjojin da ke sa maƙwabtan gandu su ga amfanin barinsa. Zirga-zirgar baƙi tana kuma tilasta gyaran hanya da zaman masu gadi a sansanoninsu. Idan ta tsaya, kuɗin shiga ya yanke, sintiri ya ja baya, sai masu saran itace da mafarauta su shigo, masu bindiga su bi sawunsu su riƙa karɓar haraji a hannunsu. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Daga cikin wuraren nan uku, Yankari yana karɓar baƙi har ruwan Mayu ya sauka. Chappal Waddi yana hawuwa ga wanda ya tashi kafin ƙarshen Maris da izini da rakiya. Sansanin kogin Oli kuwa a rufe yake, kuma ɗaliban da a da ake kaiwa can su ga dorina da idonsu, yanzu a littafi suke ganinta.